Babur Ya Ƙi Silo: Kafireta Ce Ko Wani Abu?

Usman: Jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Yau ni ne mai ƙorafi. Malam Garba, tsohon babur ɗin nan nawa, Honda CG125, sai na ja cok yake tashi, da na mayar sai ya mutu. Har na ɗauko sukundireba zan murɗa kafireta.

Malam Garba: Ajiye ta tukuna. Wata nawa ya yi a jingine?

Usman: Ya kai huɗu.

Malam Garba: Da mai a ciki?

Usman: Da mai kuwa.

Malam Garba: To ka ba kanka amsa. Fetur idan ya daɗe a kwanon kafireta yakan bushe ya bar wani danƙo. Abin da yake fara toshewa shi ne ƙaramin jet, wani ɗan ƙarfe mai rami a cikin kafireta wanda ke ba injin mai lokacin silo, domin raminsa bai fi tsinin allura ba. Cok kuma rage iska yake yi, sai injin ya ƙara zuƙo mai. Babur ɗin da ba ya zama sai da cok, ai yunwar mai yake gaya maka.

Bashir: Amma Malam, ni na taɓa wanke kafireta har sau uku, ashe ba ita ba ce. In na yi tafiyar minti goma sai ya shaƙe ya tsaya. In huta kaɗan, in buga kik, ya tashi kamar ba shi ba.

Malam Garba: Murfin tanki.

Bashir: Wallahi shi ne! Ina buɗewa na ji "fuuu", iska ta shige.

Malam Garba: Akwai ɗan rami a murfin da tanki ke numfashi ta nan. In ya toshe, mai ba ya sauka. Shi ya sa kullum nake tambaya, yaushe ciwon ke tashi? Idan a silo ne zuwa kwatan totur, ƙaramin jet. Daga kwata zuwa kashi uku cikin huɗu, aikin allurar kafireta ne, wadda ke ƙara buɗe hanyar mai in ka murɗa totur. In sai ka murɗe totur gaba ɗaya yake tari, babban jet ne, ko man da ke zuwa bai isa ba. In kuwa sai injin ya yi zafi yake mutuwa, kuma ya ƙi tashi sai ya huce, a duba kwayil mai ba fulogi wuta, a duba bawul, wato ƙofofin shigar mai da fitar hayaƙi, ko sun matse.

Usman: To ni da ban da na'ura, daga ina zan fara?

Malam Garba: Kwance fulogi, shi ba ya ƙarya. Bakinsa in ya yi ruwan ƙasa-ƙasa a bushe, lafiya lau. In ya yi baƙi da kunkunniya, mai ya yi yawa, sai ka leƙa matatar iska ko ta cika da ƙura. Fari tas kuwa, mai ya yi kaɗan, kuma wannan ya fi ba ni tsoro don yana iya ƙona fistin. In ka gan shi jiƙe da baƙin mai, magana ta bar kafireta, ta koma ringin fistin. Sannan ka sa masa hularsa, ka jingina ƙarfensa a jikin injin, ka buga kik. Wuta shuɗiya mai ƙarfi ake so. Tazarar bakin a irin waɗannan ƙananan babura wajen milimita 0.6 zuwa 0.7 ce.

Bashir: Kada dai ka riƙe da hannu. Ni ta taɓa fizga ta har gwiwar hannu.

Usman: (dariya) Shi ya sa ka natsu. Malam, in na ciro jet ɗin, in zura masa waya?

Malam Garba: Kul! Tagulla ce, wayar ƙarfe faɗaɗa ramin take yi, daga nan ka shiga shan mai da hayaƙi. Jiƙa shi a maganin wanke kafireta, ka hura masa iska, ka ɗaga shi ga haske. In ka hango haske zagaye ta ciki, ya fita. Shi kuma sukurun iskan da kake ɗokin murɗawa, mai daidaita mai da iska a silo, fara ɗaure shi a hankali kana ƙirga zagaye har ya zauna, ka rubuta, don ka san inda za ka mayar. Yawanci za ka tarar wajen ɗaya da rabi ne.

Bashir: Sai robar da ke tsakanin kafireta da injin.

Malam Garba: Madalla. In ta tsage, iska na sata ta nan, sai ka saki totur ƙara ta ƙi sauka da wuri. Ka lanƙwasa ta da yatsa, tsagar za ta buɗe baki.

Usman: To gobe zan zubar da tsohon man, in fara da fulogi.

Malam Garba: Ka rufe makunnin mai kafin ka kwance kwanon. Kuma ka shimfiɗa farin tsumma a ƙasa, jet ɗin nan in ya faɗi ba ka ƙara ganinsa.