Kafin ki shafa alobera, tsiyaye ruwan nan mai rawaya tukuna

Assalamu alaikum jama'a. Tun satin da ya wuce saƙo iri ɗaya ake ta turo min, wai an shafa alobera fuska ta yi ja tana ta ƙaiƙayi, wata kuma ta ce ita markaɗa ganyen ta yi gaba ɗaya da lemon tsami ta shanye wai maganin tumbi, ta kwana tana sintiri tsakanin ɗaki da banɗaki. Sannu Hajiya, Allah Ya ƙara sauƙi, amma akwai abu ɗaya da kika tsallake.

[Kyamara a kan ganye, an yanko shi daga gindi]

Ku duba nan da kyau. Kun ga abin da yake ɗigowa? Ruwa ne mai launin rawaya, yana kwance tsakanin ɓawon da farin jel ɗin na ciki, ga wari ga ɗaci kamar maɗaci, kar ma ku ce za ku ɗanɗana, ni na ɗanɗana muku. A cikinsa akwai wani sinadari da ake kira aloyin, aikinsa shi ne ya tsokani hanji ya sa gudawa, a fata kuma wasu yana sa musu ƙaiƙayi da ja. A Amurka da can har maganin bushewar ciki ake yi da shi ana sayarwa a kanti, sai a 2002 hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar ta dakatar da hakan saboda babu isasshiyar shaidar cewa ba ya cutarwa. Mai ciki, mai shayarwa, mai ciwon ƙoda, mai shan maganin suga, don Allah kar ya shiga bakinku.

To ya ake rabuwa da shi? Haƙuri kawai. Ki samu kofi ki tsayar da ganyen a ciki, wajen yankan yana kallon ƙasa, ki bar shi minti 15. Ba minti biyu ba fa, na san halinmu da gaggawa. Je ki ɗora girki ki dawo.

[A gaggauta hoton, ruwa na taruwa a gindin kofi]

Kun gani ko? Duk wannan da a fuskarki zai ƙare. Zubar da shi, ki ɗan ƙara yanke bakin ganyen, in har yanzu yana tsattsafowa ki mayar da shi kofi, babu wanda yake koranki.

Sauran aikin kuna kallo, ba sai na yi dogon bayani ba. A wanke, a cire ƙayoyin gefe, a fere ɓawon, a kwashe jel da cokali, a ɗauraye shi har sai ya zama garau babu alamar rawaya. Yauƙin nan kamar na miyar kuɓewa ba matsala ba ne, haka Allah Ya yi shi.

Kafin ya je fuska a shafa kaɗan a cikin hannu a jira kwana ɗaya, don akwai wanda jikinsa ba ya ɗaukarsa ko da an tsiyaye.

Amfaninsa kuwa, yana sanyaya fatar da rana ta gasa, yana taimaka wa ƙaramar ƙuna bayan an fara sa wajen a ruwa mai sanyi kamar minti 20. Ƙuna babba ko ciwo mai zurfi asibiti za a nufa. Masu cewa yana sa mutum ya yi fari kuma, ni dai shekara nawa ina shafawa ga ni nan yadda Inna ta haife ni.

Sai maganar hunturu. Jel ɗin nan kusan kashi 99 cikin 100 ruwa ne, in kika shafa shi kaɗai a iskar nan yana bushewa sai ki ji fuska ta ɗaure, shi ya sa nake bin bayansa da ɗan man kaɗanya tun da sauran damshi.

Wanda ya rage a zuba a kwalba mai murfi a sa firij, ya yi kamar sati in ana samun wuta. Da ya canja launi ko ya fara tsami a zubar, a yanko wani.