Kofaton barewa da ya ƙi daina tsawo

Hadiza: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da warhaka daga nan Kaduna. Yau ina tare da Yaya Aminu da Baba Sule. Baba, hotunan nan da na nuna maka na barewar dajin Amurka, irin mai ƙaho rassa-rassa, me ka gani?

Baba Sule: 'Yata, abin tausayi na gani. Kofato ya yi tsawo ya lanƙwashe sama kamar hancin kwalekwale. Dabbar da gudu ne kaɗai makaminta, a ce ƙafa ta koma haka?

Aminu: Shi kofato, Baba, da shi da farcenmu sinadarinsu ɗaya, keratin. Kullum girma yake yi, tafiya a kan tsakuwa da busasshiyar ƙasa ce ke cinye shi. Idan dabba ta ji rauni ta daina taka ƙafa ɗaya, wannan kofaton sai ya zarce sauran.

Hadiza: To idan duka huɗun ne fa?

Aminu: Nan sai a dubi ciki. Mafarauta da masu son ganin barewa a bayan gida a Amurka sukan zuba musu masara tuli. Tumbin barewa ya saba da ganye da tohon itace. Idan ta cika shi da hatsi farat ɗaya, tsami ya yi yawa a ciki, sai naman da ke riƙe kofato ya kumbura, jini ya daina zagayawa yadda ya kamata. Wata takan mutu. Wadda ta tsira kuma kofatonta na iya fitowa a karkace.

Baba Sule: Tsaya, tsaya. Ai wannan ba sai an je Amurka ba. Ku je Zango a Tudun Wada gab da Babbar Sallah ku dubi ragunan da aka turke wata da watanni, ana ɗura musu dusa da masara, ba harawa, ba yawo. Rago ya yi ƙiba, amma da ƙyar yake tsayuwa, wani ma a kan gwiwa yake cin abinci. Wallahi abin yana damuna. Mai shi yana ganin gata ya yi masa.

Hadiza: Wato a can ma da niyyar alheri ake zuba masarar.

Aminu: Haka ne, amma kada mu ɗora wa masara komai. Akwai wata cutar zubar jini da ake kira EHD a taƙaice, wadda aka gano ƙwayarta a 1955 bayan ta kashe bareyi a jihar Niyu Jasi. Wasu ƙananan ƙwari masu cizo ne ke yaɗa ta, ba su kai sauro girma ba, suna hayayyafa a laka bakin ruwa. Zazzaɓi mai zafi take sa wa, shi ya sa ake yawan tsintar gawarwakin kusa da rafi. Wadda ta warke, sai ka ga kofatonta ya tsage, ko ya yi zobe a daidai inda girmansa ya tsaya lokacin jinya, wani ma ɓawon ya saluɓe.

Baba Sule: Makiyayi ya san wannan. Saniyar da ta yi ciwon baki da kofato, ko bayan ta warke, ƙafarta tana faɗa maka.

Hadiza: Na kuma karanta labarin wata babbar barewa da suke kira elk.

Aminu: A kudu maso yammacin jihar Washinton ke nan. Daga 2008 rahotannin elk masu ɗingishi suka yawaita. Bincike ya kai ga wata bakteriya, Treponema, dangin wadda ke sa wa shanun madara gyambo a ƙafa. Tana ruɓar da fatar tsakanin kofato har wani ya cire gaba ɗaya. An kuma same ta a Oregon da Idaho da Kalifoniya. A Alaska kuma an danganta dogon kofaton wata da ake kira mus da ƙarancin sinadarin jan ƙarfe a abincinta.

Hadiza: Ana yi musu magani?

Aminu: Ta yaya? Akuya kya kama ta, ki yanke kofaton, ki wanke, ki kira likitan dabbobi. Garken daji babu riga-kafi, babu magani. Har doka aka taɓa kafa wa mafarautan elk a wancan yanki na Washinton cewa su yanke kofatan su bar su a inda suka harbi dabbar, don kada su kai cutar wani daji.

Baba Sule: Ni tunanina yana kan gwanki da mazo da gadar dajin Kamuku a Birnin Gwari. Mashaya ɗaya suke haɗuwa da shanu da rani. Abin da ke ƙafar saniya zai iya bin laka ya kai gare su. Aminu, ka nemo mana wani daga tsangayar likitan dabbobi ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, ina da tambayoyi a kan wannan.

Aminu: In sha Allahu, Baba, zan nema.

Hadiza: Masu sauraro, sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.