Sharhi: Kuɗi sun shiga, armashi na fita daga bajekolin katin 'yan wasa a Amurka

Masu sauraro, barkanmu da wannan lokaci. Sharhinmu na yau zai leƙa Amurka, inda wata tsohuwar al'ada ke jin jiki a hannun masu neman riba.

A shekarun 1880 kamfanonin taba a can suka fara saka ɗan kati mai hoton ɗan wasa a kwalin sigari. Daga baya kamfanin Topps ya riƙa haɗa katin da cingam, yara suka duƙufa tarawa. Sannu a hankali bajekolin unguwa ya kafu: ranar Asabar ko Lahadi a kama zauren coci, ko ɗakin wasannin makaranta, ko falon otal, a jera tebura, kowa ya baza abin da ya tara.

Ƙashin bayan wannan taro shi ne kwalin araha. Za ka ga dattijo zaune da dogon kwali maƙil da tsofaffin katuna, kowanne bai wuce dala ɗaya ba. Yaro ya tsaya yana bin su da yatsa ɗaya bayan ɗaya, yana neman wanda zai cike masa jerin ƙungiyarsa, dattijon kuwa na ba shi labarin ɗan wasan, don ya gan shi a fili da idonsa. Sau tari a ƙara wa yaron gyara.

Wannan kwalin ne ke ja da baya. Akwatunan gilashi masu makulli sun maye gurbinsa, cike da katunan da aka liƙe cikin roba, kowanne ɗauke da makin da kamfanonin tantancewa irin su PSA suka ba shi, daga 1 zuwa 10. Ka zaga tebur bayan tebur, kaya iri ɗaya, farashi kusan ɗaya. Kafin ka taya, mai kaya ya zaro waya ya duba nawa aka sayar da irinsa jiya a kasuwar intanet ta eBay. Ina daɗin ciniki a nan?

Lokacin korona ne abin ya ɓaci. A 2020 mutane na zaune a gida, farashin kati ya yi tashin gwauron zabi. A watan Maris na 2021 aiki ya yi wa PSA katutu har ya dakatar da karɓar yawancin katuna. A watan Mayu, kantunan Target suka jingine sayar da katin wasanni bayan wani rikici da ya ɓarke a harabar reshensu a jihar Wisconsin. A Agustan 2022 aka yi gwanjon katin shahararren ɗan wasan besbol Mickey Mantle na 1952 a kan dala miliyan 12 da dubu 600. Wanda irin wannan labari ya jawo shi, jari ya zo zubawa, ba ruwansa da tarihin ɗan wasa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ƙunshin sa'a. A rufe kati a leda, ka biya ba ka san me ke ciki ba, ko ka dace ko ka yi asara. Wannan caca ce, kuma yara ne ke tsaye a gaban teburin da kuɗin kashewarsu.

Wani zai ce ai taruka sun ƙaru, babban taron ƙasa da aka fara a 1980 kuma yana cika maƙil. Haka ne. Amma an taɓa ganin irin wannan cikowa. A 1991 kimanin mutum dubu 100 suka halarci wannan babban taro a birnin Anaheim na jihar California, kamfanoni suka buga kati fiye da kima, yajin aikin 'yan wasan besbol na 1994 ya zo, kasuwa ta faɗi, shaguna suka rufe. Waɗanda suka ci gaba da buɗe zaurukan unguwa a shekarun ƙuncin nan su ne masu yi don sha'awa, mutanen da tsadar kuɗin tebur ke kora a yau.

Gyaran na hannun masu shirya taron. Su ware tebura masu rahusa ga masu kwalin araha, su bar yara su shiga kyauta, su keɓe lokacin musaya zalla ba tare da kuɗi ba. Mai ƙunshin sa'a kuwa, a hana shi tebur.