Tsohuwar takardar inshora da dagwalon masana'antu a Amurka

Jama'a masu sauraro barkanmu da war haka. Sharhin namu na yau a kan tsohuwar takarda ne, irin wadda a nan wajenmu mai ƙosai ke naɗe wa yara ƙosai da ita, amma a Amurka har lauyoyi ake biya su tono ta daga ruɓaɓɓen kwali a sito.

Asalin zancen Love Canal ne, wata unguwa a jihar New York, inda kamfanin Hooker Chemical ya binne sharar sinadarai wajen tan 21,000, a 1953 ya sayar wa hukumar makarantu filin kan dala ɗaya tal, aka gina makaranta da gidaje, can kuma sai ga guba tana tsatsafowa ta ƙarƙashin ɗakunan mutane, a 1978 aka fara kwashe iyalai. A 1980 aka yi dokar Superfund, wadda ta ce wanda ya zuba zai biya kuɗin sharewa, kai har wanda ya sayi filin daga baya yana iya shan ɗawainiyar.

To ina kuɗin? Inshorar da kamfanoni ke yanka a da, tana ɗaukar ɓarnar da ta auku a shekarar da takardar ke aiki ne, ko da sai bayan shekara arba'in aka gano. Ka ɗauki ɗan ƙaramin shagon wankin kwat da sinadari, maganin ya yi ta ɗiga ta tsagar siminti har ya kai ruwan ƙasa, mai shagon ya rasu, jikansa ya gaji fili da rigima, to takardar inshorar kakan nan ita ce mafita. Ko ta ɓata ma, tsohon rasit ko littafin akawu kan taimaka wajen nuna cewa an taɓa yankar ta.

Su ma masu inshorar ba barci suke ba. A 1973 suka sa sharaɗin sai gurɓatar da ta faru kwatsam, a 1986 suka rufe ƙofar ruf, shi ya sa takardun kafin nan ake wa rububi. Ni dai ban ga laifin masu tonowar ba, ai an karɓi kuɗinsu lokacin. Kotun ƙolin jihar Indiana ma a 1996 bayan masu takarda ta bi.

Nauyin ya kai har Landan, inda irin waɗannan tsofaffin basussuka da na asbestos, ma'adinin gini mai jawo cutar huhu, suka kusa durƙusar da kasuwar inshora ta Lloyd's, dole a 1996 ta kafa kamfanin Equitas ta jibga masa su.