Yadda gaɓɓan jikinmu suke motsi, da abin da ke sandarar da su

Assalamu alaikum. Iyayena, malamai, 'yan uwa, na gode da kuka ba ni aron lokacinku.

Baligi yana da ƙashi 206 a jikinsa, kuma duk inda ƙashi biyu suka haɗu, wurin gaɓa ce. Ba kowace gaɓa ke motsi ba. Ƙasusuwan ƙoƙon kai a ɗinke suke, ba sa gusawa, domin aikinsu tsare ƙwaƙwalwa ne. Na gadon baya kuwa kaɗan kowanne yake motsawa, sai sun haɗa ƙarfi mutum yake iya sunkuyawa. Waɗanda za mu fi tsayawa a kansu su ne masu sakakken motsi, masu guringuntsi a bakin ƙashi da ruwa mai yauƙi da ke hana gogayya.

Mu ɗauki salla, tunda kullum muna yi. In ka yi ruku'u, ƙugunka ne ya lanƙwashe. Ka ɗago, ya miƙe. A sujada gwiwa ta naɗe, gwiwar hannu ta naɗe, yatsun ƙafa sun tanƙwaru. Lanƙwashewa da miƙewa ke nan, motsin da ya fi yawa a jiki. Gwiwar hannu kamar ƙyauren ƙofa take, buɗewa da rufewa kawai ta sani. Gwiwar ƙafa ma kusan haka, tana naɗewa wajen digiri 135, tana ɗan murɗawa idan tana lanƙwashe, amma ba a halicce ta don ta karkata gefe ba. Shi ya sa yaron da ke buga ƙwallo a filin Murtala da ke nan Kaduna, in ya kafe ƙafa a ƙasa ya juya jiki da ƙarfi, jijiyar cikin gwiwa take iya tsinkewa.

Sai sallama. Wuya yana da ƙashi 7, amma kusan rabin wannan waiwaye dama da hagu tsakanin na farko da na biyu yake faruwa, can ƙarƙashin ƙeya, inda ɗaya yake juyawa a kan ɗaya.

Yanzu kowa ya ɗaga hannunsa gefe. To, ka nisantar da shi daga jiki. Sauke, ka dawo da shi. Wulwula shi, ya yi kewaye. Kafaɗa da ƙugu ne suka fi iya duk wannan, saboda kan ƙashin a dunƙule yake, yana zaune cikin gurbi. Gurbin ƙugu mai zurfi ne, ga ƙarfi, shi ke ɗauke da nauyinmu. Na kafaɗa ba shi da zurfi, ya ba ta 'yanci, amma ya sa ta fi sauran manyan gaɓɓai saurin gocewa. Masu faɗowa daga babur sun san wannan.

Akwai wasu biyu da nake so ku lura da su. Ka buɗe tafinka sama kamar mai addu'a, sannan ka kife shi. Ba wuyan hannu ne ya juya ba, ƙasusuwa biyu ne a sangalin hannu, ɗaya ya haye kan ɗaya. Na biyun shi ne babban yatsa, da yake iya taɓa kan kowane yatsa. Da shi ake riƙe alƙalami, da shi tela ke zura zare a allura.

To, ga abin da ya fi damuna. Gaɓar da aka daɗe ba a motsa ta ba, sandarewa take yi. Yaro ya karye kusa da gwiwar hannu, a ɗaure shi tamau a wurin mai ɗori wata da watanni, ƙashi ya haɗe, amma hannu ya ƙi miƙewa, ko loma ba ya iya kaiwa baki. Wallahi abin tausayi ne, kuma sau da yawa ana iya kauce masa. Ba ina raina masu ɗori ba ne, iyayenmu ne, sun daɗe suna taimakon jama'a. Amma karayar da ta shafi gaɓa tana bukatar hoto tukuna. Ga asibitin Barau Dikko nan cikin gari, ga na Shika a Zariya, ga asibitin ƙashi na Dala a Kano. Bayan an kwance ɗauri kuma, a je wurin masu gashin ƙashi su koya wa mutum motsin da zai riƙa yi a gida, sannu a hankali, ba da fizga ba. Haka mai shanyewar ɓarin jiki da ke kwance: masu jinya su riƙa lanƙwasa masa kowace gaɓa suna miƙewa kullum, iya inda take zuwa ba tare da ciwo ba.

Mai tambaya ya ɗaga hannu, za a miƙo masa lasifika.