Sharhi: Kafin a hau kwano da farantin sola

Jama'a masu sauraro, barkanmu da warhaka.

Duk wanda ya zaga Birnin Kebbi ko Argungu ko Jega a 'yan shekarun nan, in ya ɗaga kai zai ga farantan sola suna ƙyalli a kan kwanon gidaje da shaguna. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, janareta ya zama sai mai hali, mai cajin waya da mai aski da mai sayar da ruwan sanyi kowa ya koma neman rana. Rana kuwa Allah Ya hore mana ita. Sai dai kukan da ake yawan ji iri ɗaya ne: an kashe kuɗi, an yi murna, kafin shekara ta zagayo batir ya mutu. Daga nan sai a ce sola yaudara ce.

Sau da yawa laifin na lissafi ne, domin mutum kan tafi kasuwa da kuɗi a aljihu, bai taɓa zama ya ƙirga abin da zai kunna ba. Bari mu ɗauki gida mai fanka biyu, kowacce tana jan wat 60, a bar su awa 8 cikin dare. Wat-awa 960 ke nan, wato wat sau awa. A ƙara ƙwan fitila huɗu masu wat 10, na awa 5, wat-awa 200. Jimilla 1,160. To babban batirin nan na ruwa, mai bolt 12 da amfiya-awa 200, abin da yake ɗauka wat-awa 2,400 ne (12 sau 200), amma rabi kawai ake so a sha, wato 1,200. Kun ga da ƙyar ya riƙe wannan gida zuwa asuba. Yanzu uwargida ta jona firji, ko yaro ya lallaɓa ya sa dutsen guga mai jan wat 1,000, me ake jira? Batirin da ake tatsewa ƙarƙaf kowane dare ba ya tsufa, mutuwar ƙuruciya yake yi. Batirin litiyam ya fi juriya, ana iya shan kashi 80 cikin 100 nasa, ya kuma fi daɗewa, amma kuɗinsa na farko da nauyi.

Sannan abin da aka sha da dare dole a mayar da rana. A ƙasarmu ranar da take da ƙarfin cika batir ba ta wuce awa 5 zuwa 6, ko da kuwa gari ya waye tun ƙarfe shida. Don haka gidan da muka ambata yana bukatar faranti na wat 300 ko fiye, kuma wannan ba a sa abin da za a kunna da rana ba. Masu haɗa ƙaton batir da ɗan ƙaramin faranti, kamar mai cika randa da ludayi ne.

Wani abin da mutane ba su cika yarda da shi ba: faranti haske yake so, zafi cutar da shi yake yi. Lambar da aka rubuta a bayansa an auna ta ne a zafin digiri 25, mu kuwa a watan Maris da Afrilu muna haura 40 a inuwa ma. Wanda ya manna faranti a jikin kwano ba tare da tazarar da iska za ta ratsa ba, da hannunsa ya rage wa kansa wuta. A fuskantar da shi kudu, a ɗan jingine shi kaɗan, kamar digiri 12 zuwa 15. Na ce kudu, domin wasu gabas suke juya shi, sai ka ce salla zai yi. A kuma duba inuwa, reshen darbejiya ɗaya in ya rufe gefe guda sai ya ja ƙarfin farantin duka ƙasa. Lokacin hunturu kuwa, ƙura na iya lulluɓe shi cikin 'yan kwanaki. A goge da ruwa da tsumma mai laushi da sassafe ko da yamma, ba da tsakar rana ba lokacin da gilashin ya ɗau zafi.

Ga masu haɗawa, 'yan'uwanmu matasa da suka samu sana'a a nan, muna yi musu fatan alheri, amma a ji tsoron Allah. Kada a tsallake kwanturola don a rage wa mai gida kuɗi, ita ce ke hana batir cika fiye da kima. Batir ake fara jona mata, sannan faranti. Siririyar waya zafi take yi, kuma gobara ba ta sallama, saboda haka a sa waya mai kauri, a sa fis, mai katse wuta in ta yi yawa, kusa da batir.

Batirin ruwa kuma kada a ajiye shi a uwar ɗaka inda ake kwana, domin yana fitar da iska mai kama wuta lokacin da yake caji. A nema masa wuri mai sanyi da iska, nesa da murhu. In ruwansa ya yi ƙasa, tataccen ruwan batir (distilled water), ba asid ba, za a saya a ƙara masa, ba na rijiya ko na leda ba.