Wace kyamara za ka ɗora a kan madubin likita?

Jama'a, assalamu alaikum. Ko kai ɗalibi ne a LUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Legas da ke Idi-Araba, ko kana da ɗan ɗakin gwaji a Agege, idan ka shiga Computer Village a Ikeja neman kyamarar madubin likita, da yawan megafiksel za a fara cika maka kunne. Kada ka biye wa wannan.

Madubin da ke aiki da haske yana da iyaka. Ko ka juya zuwa gilashi mai ninki 100 ka ɗiga masa mai, ba zai bambance abubuwa biyu da tazararsu ta gaza kusan maikron 0.2 ba (maikron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita). Abin da gilashi bai kawo ba, kyamara ba za ta ƙirƙiro shi ba. In ƙwayar maleriya ce a jinin da aka rina da Giemsa, megafiksel 5 ta ishe ka.

Yanzu dubi kan madubin nan. Ban da wuraren sa ido biyu, ga kafa ta uku a sama, ita ce mazaunin kyamara. Yawanci da zaren C-mount ake ɗaura ta, mai faɗin inci 1. A nan ne mutane ke asarar kuɗi, domin tsakanin kyamara da madubi akwai adafta, kuma dole ta dace da girman sensa, wato ɓangaren da ke ɗaukar hoto a cikin kyamara. Sensa mai rabin inci tana son adafta mai 0.5x. Ka sa mata 1x, ga abin da zai faru: ido na ganin fili cike da ƙwayoyin jini, allo kuwa ɗan tsakiyar kawai yake nunawa. In naka ba shi da kafa ta uku, cire gilashin ido ɗaya ka auna bututun, don a nan kyamarar za ta zauna, galibi milimita 23.2 ne ko 30.

Sai saurin hoto. Nemi USB 3.0, don mai jinkiri kana murɗa makullin saiti hoton na biyo ka a baya. Ni dai na fi son mai HDMI ga ƙaramin lab, tunda kai tsaye take haɗuwa da allo ba sai da kwamfuta ba.

Danshin Legas kuma yana sa gilashi ya yi fumfuna, don haka ka riƙa ajiye kyamarar a rufaffen akwati da ƙunshin silika mai tsotse danshi. Kafin ka biya, ka tafi da silaid ɗinka a gwada a gabanka.